An fasa kwalabe, saura mai sha: ina mashayin da ke son dainawa zai nufa?

A watan Fabrairun 2022, Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta tara kwalaben giya kusan miliyan 4 a wani fili da ke Tudun Kalebawa, cikin Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, aka sa katafila ta bi ta kansu. Ba shi ne karon farko ba. Tun a Nuwamban 2013 an fasa kwalabe 240,000 a bainar jama'a, kuma a tsakanin shekarun nan an yi ta maimaitawa. Duk sanda aka yi, hotuna kan cika jaridu, wasu su yi kabbara, wasu su tayar da tsohuwar muhawarar harajin giya da ake raba wa jihohi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wa aka kawo wa kwalaben nan? Ɗan kasuwa ba ya loda tirela ya nufi garin da ba shi da masu saye.

Masu sayen suna nan, kuma ba duka ne baƙi mazauna Sabon Gari ba. Akwai ma'aikacin gwamnatin da ke kulle kansa a ɗakin otal ranar da albashi ya shigo. Akwai direban babbar mota da ke cusa 'yan ledojin barasa a aljihun ƙofa, da ɗalibi, da magidancin da unguwa ke gani da mutunci, da matar auren da ake aiko mata a robar lemo. A ƙauyukan Kudancin Kaduna da Filato da Adamawa, da wuraren Maguzawa, burkutu tsohon abu ne da ake dafawa a gida. A Marwa da Garwa suna da bilbil, a Yamai da Maraɗi gidajen giya a buɗe suke bisa doka.

A cikin masu shan akwai wanda in ya yi niyya gobe zai ajiye, ya kuma ajiye ɗin. Akwai kuma wanda giyar ta riga ta mallake shi. Ya dafa Alƙur'ani ko Baibul ya rantse, ya yi kuka a gaban mahaifiyarsa ya ce daga yau ya daina, kuma har zuciyarsa da gaske yake, amma kafin mako ya zagayo an tsince shi a inda ya saba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a Yunin 2024, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 209 ne a duniya suka kamu irin wannan kamun, kuma a shekarar 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6. In aka auna da yawan jama'a, Turai da Afirka ne kan gaba a wannan asara.

Me muka tanadar wa irin wannan mutum? Wa'azi, wanda ya riga ya sha ji, har ya fi mai yi masa sanin illar abin tunda a jikinsa take. Sai bulala, a jihohi 12 da suka dawo da hukuncin shari'ar Musulunci kan laifuka daga shekarar 2000, wadda a mazhabar Malikiyya 80 ce. Idan iyali suka gaji kuma, sai gidan mari. Har yau ba a manta da Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kafin wata ya zagayo kuma aka gano irinsa a Daura da Katsina. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can saboda shaye-shaye ba mugaye ba ne. Kuɗinsu suka biya, don ba su san wata ƙofa da za su ƙwanƙwasa ba.

Akwai wata ƙofar, kuma tun 1935 take a buɗe. Ɗaki ne da kujeru, inda mashayan da suka daina da waɗanda ke fafutukar dainawa ke haɗuwa a kai a kai, su faɗa wa juna gaskiya. Babu likita a ciki, babu alƙali, babu mai wa'azi. Na yi imani cewa rashin irin wannan ɗaki a garuruwanmu yana cikin manyan giɓin da muke da su, kuma shi ne mafi arahar cikewa.

Mutum biyu a Akron

A watan Mayun 1935, wani dillalin hannun jari daga birnin New York mai suna Bill Wilson ya je garin Akron a jihar Ohio ta Amurka kan wata harkar kasuwanci, harkar ta wargaje. Watansa biyar ke nan rabonsa da giya, bayan an sha kwantar da shi a asibiti saboda ita. Yana tsaye a zauren otal ɗin Mayflower, ba kuɗi ba aboki, ga hayaniyar mashaya tana fitowa daga gefe guda. Abin da ya zo masa a rai shi ne, in bai samu wani mashayi ya yi magana da shi ba, zai koma. Ya duba allon sunayen limaman coci da ke rataye a zauren, ya yi ta buga waya har aka haɗa shi da wani likitan fiɗa, Dakta Bob Smith, wanda giya ke gab da raba shi da aikinsa.

Likitan ya yarda zai ba shi minti 15 kawai, don ya gaji da masu zuwa ceto shi. Suka shafe kusan awa 6 suna magana. Abin da ya zaunar da shi shi ne, baƙon bai zo yi masa nasiha ba. Cewa ya yi shi ne mabuƙaci, ya kuma ba da labarin shansa dalla-dalla: ƙaryar da ya yi wa matarsa, kwalaben da ya ɓoye, rawar jikin asuba. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA, tana lissafin kafuwarta daga 10 ga Yunin 1935, ranar da ta ɗauka a matsayin ranar shan ƙarshe na Dakta Bob. A 1939 suka buga littafinsu suna kusan mutum 100. Yau ana ƙiyasta 'yan ƙungiyar da kusan miliyan 2 a ƙasashe kusan 180, littafin kuma an fassara shi zuwa harsuna sama da 70, har da Larabci da Faransanci da Suwahili.

Wani abu ya faru a farkon tafiyar da ya kamata mu da muka saba da ƙungiyoyin jiran tallafi mu lura da shi. Sun nemi maƙudan kuɗi daga attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami don su gina asibitoci su ɗauki ma'aikata. Ya yaba aikin amma ya ƙi, yana ganin kuɗi zai lalata shi, ya ba su dala 5,000 kawai. Daga baya su da kansu suka mai da abin ƙa'ida: ba sa karɓar ko sisi daga wanda ba ɗan ƙungiya ba. Babu kuɗin rajista, babu katin shaida, babu shugaba mai albashi a kan taro. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, mutum ya zamana yana son ya daina sha.

Kafin taro, asibiti

Dole a yi wannan gargaɗi tun kafin a yi nisa, don rai ne a ciki. Wanda ya daɗe yana sha kullum, wanda sai ya kurɓa da safe hannunsa ke daina karkarwa, bai kamata ya yanke sha lokaci ɗaya shi kaɗai a ɗaki ba. Ƙwaƙwalwarsa ta saba aiki a ƙarƙashin nauyin barasa, in aka janye ta farat ɗaya sai jijiyoyi su rikice. Cikin 'yan awoyi gumi da karkarwa da amai da faɗuwar gaba kan fara. A kwana ɗaya zuwa biyu wasu kan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. A kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu kan fita hayyacinsu, su yi ta gane-gane, su ga ƙwari ko macizai na bin jikinsu, ga zazzaɓi ga bugun zuciya, kuma wannan yana kisa in ba a kula ba.

A gidajenmu wannan yanayin ne ake ɗauka aljanu ne ko sammu, a kulle mutum a yi ta masa hayaƙi. Yakan faru a kwanakin farko na azumi, ko bayan an ɗaure mutum an hana shi fita. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Likita zai ba da maganin kwantar da jijiyoyi gwargwado, ya riƙa ragewa a hankali, ya haɗa da sinadarin bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, a duba hanta da hawan jini. Kada a je kyamis a sayo maganin barci a ce za a yi a gida, domin haɗa shi da giya na iya tsayar da numfashi. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da asibitin Dawanau a Kano, da sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, duk suna karɓar irin wannan. Akwai kuma magungunan rage ƙwaɗayin giya, irin su naltrexone da acamprosate, waɗanda likita kan rubuta bayan an wuce wannan mataki. Taron 'yan'uwa ba ya maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu.

Amma asibiti na 'yan makonni ne. Ranar sallama mutum zai koma unguwarsu, ga abokan da, ga bashin da ya bari, ga matar da ta daina yarda da maganarsa. Mutanenmu da dama sun san dainawa ba ita ce wuyar ba, tunda akwai masu ajiye kwalba duk watan Ramadan su ɗauka ran Sallah da dare. Ɗorewar ita ce aiki, kuma a nan taron yake da amfani.

Neman inda ake zama

A Landan ko New York ko Johannesburg, inda AA ta daɗe da kafuwa, abin ba wuya. Bahaushen da ke zaune a can zai buɗe shafin ƙungiyar na intanet, ko manhajar Meeting Guide a wayarsa inda take aiki, ya ga jerin taruka na safe da rana da dare, wasu a tafiyar ƙafa daga gidansa. A Najeriya ana samun su a manyan birane irin su Legas da Abuja, yawanci da Turanci, a ɗakin da aka ara a coci ko asibiti. A Arewa da Kudancin Nijar sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma waɗanda ke akwai ba su da allo a bakin titi.

Saboda haka neman yakan bi ta hannun mutane. Wanda ya fi kowa sanin ko akwai zama a gari shi ne ma'aikacin jinya ko jami'in walwala na sashen masu shaye-shaye a asibitin ƙwaƙwalwa, domin wasu sassan suna tara waɗanda aka sallama lokaci-lokaci. Ofisoshin hukumar NDLEA na jihohi suna da sashen ba da shawara dabam da na kame, hukumar kuma ta buɗe layin kira kyauta a 2022. Taron Narcotics Anonymous, 'yar'uwar AA da aka kafa a California a 1953 don masu shan ƙwaya, yana ɗaukar giya a matsayin ƙwaya, don haka mashayin giya na iya zama a cikinsa. Wannan yana da muhimmanci a wajenmu, inda sau da yawa mai shan barasa shi ne mai haɗawa da taramol ko kodin. In an samu lamba, a kira a tabbatar da rana da wuri kafin a fita, don ƙananan taruka kan sauya ɗaki ba sanarwa.

Tun daga annobar korona ta 2020 kuma, dubban taruka sun koma ta Zoom, ana yin su dare da rana, da Turanci da Faransanci da Larabci. Mutum na iya shiga daga Gusau ko Damagaram, kyamararsa a rufe, da sunan da ya ga dama, ya saurara kawai. Ga matar da ba ta fita sai da izini, ko wadda in aka gan ta a ƙofar irin wannan wuri aurenta ya mutu, wannan ita ce hanyar da ta fi kusa, kuma akwai taruka na mata zalla. Matsalar a bayyane take: sai mai jin harshen, sai mai kuɗin data, sai mai ɗakin da zai rufe.

Abin da za a tarar a ciki

Taro iri biyu ne. Akwai buɗaɗɗe, wanda mata ko ɗan'uwa ko ɗalibin likita zai iya zama ya saurara. Akwai rufaffe, na masu matsalar sha kaɗai. Yawanci awa ɗaya ne. Wanda ke jan zaman ɗaya ne daga cikinsu, kuma aikin yana zagayawa. Za a karanta ƙa'idoji, wani ya ba da labarinsa ko a ɗauki maudu'i, sai a ba kowa dama. Mai magana kan fara da sunansa na farko ya ce shi mashayi ne, sauran su amsa masa da gaisuwa. Ba a katse mutum, ba a yi masa gyara, ba a ce masa ai da ka yi kaza. Kowa kansa yake magana a kai. Baƙo ba dole ya ce komai ba. Ya isa ya ce yau saurare ya zo. A ƙarshe a zagaya da kwando ko faifai, mai ɗan canji ya jefa don kuɗin ɗaki da shayi, marar shi ya miƙa gaba.

Ga Bahaushe, abin da zai fi ba shi mamaki shi ne rashin matsayi. A ɗakin nan babu Alhaji, babu Yallaɓai, babu ranka ya daɗe. Darakta da ɗan acaɓa kujera iri ɗaya suke zama, kuma mai yiwuwa ɗan acaɓan da ya shekara biyar bai sha ba shi ne zai riƙe hannun daraktan da ya kwana uku. Mu da ba mu iya kiran sunan babba gatsal, wannan zai yi mana nauyi, kuma ba laifi in taronmu ya ce Malam wane ko Yaya wane. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a shigo da girman waje ciki, domin ranar da aka fara duƙa wa wani, ranar ya daina faɗin gaskiya.

Sabon zuwa yakan shiga da tabbacin cewa babu wanda ya taɓa aikata abin kunyar da ya aikata: sayar da buhun abincin gida, cinye kuɗin makarantar yara, farkawa a kwata, tsayawa a sahu da warin daren jiya. Sai ya ji wani fes da shi, cikin natsuwa, yana ba da labari irin nasa sak, har a yi dariya tare. Wannan dariyar takan girgiza baƙo fiye da kuka. Daga nan yake fara yarda cewa mai maganar ya san abin, kuma in shi ya fita, akwai hanyar fita.

Ba a ce wa kowa ya rantse ba zai ƙara sha ba har abada, tunda duk sun yi irin wannan rantsuwar sun karya. Abin da ake nema shi ne kada ya sha yau, gobe kuma a sake ɗaura niyya. Wasu taruka kan ba da 'yar alama ga wanda ya cika kwana 1, ko 30, ko 90, ko shekara. Ana shawartar sabo ya yawaita zuwa a watanni ukun farko, ya karɓi lambobin waya, ya kira wani kafin ya sha maimakon bayan ya sha, sannan ya zaɓi jagora a cikin waɗanda suka daɗe, namiji ga namiji, mace ga mace. Jagoran ne zai bi da shi matakai 12 na ƙungiyar. A taƙaice: ya amsa cewa giya ta fi ƙarfinsa, ya miƙa lamarinsa ga Ubangiji gwargwadon fahimtarsa, ya zauna ya rubuta halayensa ba ƙarya, ya karanta wa mutum ɗaya, ya lissafa waɗanda ya cuta ya je ya gyara inda gyaran ba zai jawo wata cutar ba, sannan ya taimaki wani mashayin. Wanda ya koma sha ya dawo, kujerarsa na nan, ba mai tambayarsa dalili.

Yana aiki kuwa? Shekaru da dama likitoci na shakka. A Maris na 2020 cibiyar Cochrane, wadda ta shahara wajen tace binciken lafiya, ta fitar da nazarin da John Kelly na Harvard da Keith Humphreys na Stanford da Marica Ferri suka yi kan bincike 27 da suka shafi mutum 10,565. Sun gano cewa a cikin waɗanda aka bi da su ta tsarin da ke sada mutum da AA, kusan kashi 42 cikin 100 ba su taɓa giya ba har shekara, a kan kashi 35 na waɗanda aka yi wa wasu ingantattun hanyoyin shawara. A lura, fiye da rabi ba su kai shekarar ba tare da tuntuɓe ba, kuma mafi yawan binciken a Amurka aka yi. Duk da haka, abin da ba a biya masa ko kwabo ya yi kafaɗa da kafaɗa da aikin ƙwararru, a wani ma'aunin ma ya wuce. Da masu bincike suka bi diddigin dalili, babban abin da suka samu shi ne sauyin abokan zama. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ba yadda za a yi a ce wa mutum ya bar majalisar da ya shekara 10 yana zama, ba a ba shi wata ba.

Sai dai ɗakin ba na waliyyai ba ne. Sirrin da ake riƙewa amana ce tsakanin mutane, doka ba ta tsare shi kamar na likita, don haka abin da zai iya kai mutum kotu a bar shi ga jagora ko lauya. Akwai masu fakewa da taimako su nemi sabbin mata, ko su fara rance. Akwai masu cewa a zubar da maganin da likita ya rubuta, alhali ƙungiyar kanta ta hana 'ya'yanta yin likitanci. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin a shiga, ko ya ce zai kulle mutum don amfanin kansa, ba wannan tafiyar yake ba. In taro ɗaya bai kwanta wa mutum ba, ya gwada wani kafin ya yanke hukunci.

Tambayar Musulmi

Musulmi zai tambaya, kuma yana da gaskiyar tambaya. AA ta tsiro ne daga wata ƙungiyar Kiristoci mai suna Oxford Group, ana yawan yin taronta a harabar coci, wasu tarukan Amurka kuma kan rufe da addu'ar Kirista. Ƙungiyar ta ce ba ta bin wani addini, kuma ba a tilasta wa kowa yin addu'ar da ba tasa ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da zaɓi. Musulmin birnin Baltimore sun kafa Millati Islami a 1989, suka sake tsara matakan bisa Alƙur'ani da Sunna. Akwai SMART Recovery, tun 1994, wadda ba ta shigo da addini ko kaɗan, dabarun sarrafa tunani da ƙwaɗayi take koyarwa. Duka biyun suna taro ta intanet. Wanda ya san sharuɗɗan tuba kuwa, wato dainawa da nadama da ƙudurin rashin komawa da mayar da haƙƙin mutane, zai ga matakan nan ba baƙi ba ne a wurinsa.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta rufin asiri. An koya mana cewa wanda Allah ya rufa masa asiri kada ya tona kansa, to yaya mutum zai tashi a gaban jama'a ya ce shi mashayi ne? A ganina akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ya wayi gari yana alfahari da saɓonsa da wanda ya rufe ƙofa da mutum biyar yana neman su taimake shi ya bari. Na biyun marar lafiya ne da ke nuna ciwonsa ga mai magani. Ina fata malamanmu su ɗauki wannan mas'ala su yi bayaninta a fili, domin kalma ɗaya daga bakinsu za ta buɗe wa dubbai hanya. Suna da madogara. Haramcin giya a hankali ya sauka, mataki-mataki, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Kuma Bukhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa saboda sha, har wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba.

Akwai kuma tsoron hukuma. Wanda ya san iƙirari hujja ce a kotu ba zai buɗe baki a ɗakin da yake zargin akwai ɗan rahoto ba. Iran ta fuskanci wannan. Giya haramun ce a dokarta tun bayan juyin 1979, amma ta bar tarukan Narcotics Anonymous suka yaɗu har ƙasar ta zama cikin inda suka fi yawa a duniya, a 2015 kuma ma'aikatar lafiyarta ta sanar da shirin buɗe cibiyoyi 150 na jinyar mashaya giya. Hukumomin Hisba da ma'aikatun lafiya na jihohinmu za su iya faɗa da babbar murya cewa wanda ya zo neman magani ba za a bi sawunsa ba.

Iyali ma suna da nasu zaman. Lois, matar Bill Wilson, na cikin waɗanda suka kafa Al-Anon a 1951 don matan mashaya da iyayensu da 'ya'yansu. A can ne mace ke jin cewa ba ita ta jawo ba, ba kuma za ta iya hanawa da ƙarfinta ba, kuma kiran ofis da take yi ta ce maigida zazzaɓi yake, da biyan bashinsa a ɓoye, suna tsawaita ciwon ne. Darasin ya shafi iyayen da ke cewa a yi masa aure zai shiryu. Abin da hakan ke haifarwa shi ne a ƙara yarinyar mutane cikin waɗanda za su wahala.

Inda babu taro, mutum biyu ko uku da ke son dainawa sun isa su fara, haka ƙa'idar AA ta tanada, kuma babban ofishinta a New York yana aika littattafai da jagora ga sabbin taruka da mashayan da ke zaune nesa da kowa. Ana buƙatar ɗakin da shigarsa ba ta nuna komai: aji a makaranta bayan an tashi, ofis a asibiti, zauren wani dattijo mai riƙe baki. Wanda ya ba da aron ɗakin, liman ne ko fasto ko likita, ya ba da makulli ya koma gefe. Kada a ajiye rajistar sunaye, kada a ɗauki hoto, kada a gayyaci ɗan siyasa buɗe taro. A yi shi da Hausa. A tsayar da rana da lokaci, a buɗe ƙofa ko da mutum ɗaya ne ya zo, domin sabo yakan yi makonni yana zagaya wurin kafin ya iya shiga. A zaɓi lokacin da jaraba ta fi tashi, wato bayan Magariba, sa'ar da ƙafa ta saba nufar mashaya. A Amurka da Ingila wasu taruka kan kwana a buɗe daren Kirsimeti da na sabuwar shekara, saboda sun san a nan ake yawan faɗuwa. Mu namu ranakun haɗarin su ne ƙarshen wata in albashi ya shigo, da lokacin da aka sayar da amfanin gona, da daren Sallah, kuma a waɗannan ranakun ya kamata a ƙara zama, a bar wayoyi a kunne.